Wani ɗalibina ya ce na tsallake wata goma a tarihin yaƙin basasa

Malamar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a nan Kano, ba nisa da Sabon Gari, don haka ajina gauraye yake: Hausawa sun fi yawa, akwai Yarabawa, akwai Ibo. Ranar Talata muka zo kan yaƙin basasa. Na jera a allo yadda na saba. 15 ga Janairu 1966, su Manjo Nzeogwu suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka kashe Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh da Birgediya Maimalari. 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama, aka kashe shugaban mulkin soja Janar Ironsi. 30 ga Mayu 1967 Ojukwu, gwamnan soja na Gabas, ya shelanta Biyafara. Aka gwabza har Janairun 1970.

Na ɗauki abin goge allo ke nan sai wani yaro Ibo, wanda tun farkon zango ban taɓa jin muryarsa ba sai in ana kiran suna, ya ɗaga hannu. Da Hausa ya yi maganar, don haifaffen Kano ne. Ya ce, "Malama, daga Yuli kin tafi Mayu. Kin tsallake wata goma." Ya ce kakansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kano, a watan Oktoban 1966 ya gudu da rigar da ke jikinsa kaɗai, ƙanen kakan kuma bai kai tasha ba.

Na ba shi minti biyar ya faɗi abin da aka gaya masa a gida. Ajin ya yi tsit. Yana zama wata yarinya ta ce, "To ai ku kuka fara." Da ƙyar na kashe wutar. Ranar Alhamis wani uba ya zo wurin shugaban makaranta wai ina koya wa 'ya'yansu Biyafara. Shugaban bai yi min faɗa ba, ya dai ce in tsaya kan manhaja.

To jama'a, na yi kuskure ne? Ya dace a bar yara su ji labarin ɗaya ɓangaren a aji, alhali har yau maganar Biyafara ba ta kwanta ba?

Sojan Alli: Wa alaikumus salam. Malama, kin ɗebo da zafi. Ni in na zo wannan babin gudu nake kamar mai tsallake kwata. Jarrabawa dai shekaru da sunaye take tambaya.

Abu Sumayya: Da niyya mai kyau kika yi, amma kuskure ne. Aji ba kotu ba ne. Mutanen nan sun fi mu rubutu, sun cika intanet da nasu labarin, duniya duk ta haddace shi. Wa ya san sunan Kanar Kur Muhammad ko Laftanar Kanar Abogo Largema, hafsoshinmu da aka kashe a Janairu, a wajen Arewa? Ɗan lokacin da yaronmu zai ji namu a makaranta, shi ma sai a raba shi biyu? Kuma ki duba can wurinsu. Kina jin akwai malamin da zai tsaya a aji a Inugu ko Aba ya ba wani minti biyar ya faɗi yadda aka shiga gidan Sardauna da asuba aka kashe shi har da matarsa Hafsatu? Su fara tukuna.

Malamar Tarihi: Malam Abu Sumayya, ban san abin da ake yi a Aba ba. Yaron da ke gabana na sani, kuma a Kano aka yanke masa cibiya.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Bari tsoho ya sa baki, don ni abin nan ba a littafi na karanta shi ba. Shekarata goma sha biyu a 1966, muna Zariya.

Abu biyu na gani da idona, kuma duk wanda ya ce in faɗi ɗaya in bar ɗaya ya sa ni ƙarya.

Na farko. Bayan an kashe Sardauna, a kasuwa na ga hoton da wasu ke ɗagawa suna nuna mana, na Nzeogwu, suna dariya. Mahaifina mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ku da ba ku zo duniya ba, ba za ku gane abin da Sardauna yake a zuciyar mutane ba. Sai kuma Ironsi ya ƙi gurfanar da waɗanda suka yi kisan, ya zo a watan Mayu ya fito da doka mai lamba 34 ya rushe jihohi ya haɗe aikin gwamnati wuri guda. Mutanenmu suka ce shi ke nan, an kashe shugabanni, yanzu za a karɓe aikin. Daga nan aka fara kiran "a raba".

Na biyu. Akwai wani tela Ibo da ke ɗinka mana kayan makaranta. Da abin ya ɓaci bayan damina, cikin dare ya buga mana ƙofa shi da matarsa da jariri. Mahaifina ya sa su a ɗakin da ake ajiye buhunan dawa, kwana uku. Ni nake kai musu kunu. Abin da ban manta ba, matar tana toshe bakin jaririn da gefen zaninta duk lokacin da aka ji hayaniya a waje, har na ji tsoro kada ya mutu a hannunta. A rana ta huɗu aka sa wa mijin babbar riga da hula aka raka su tasha. A hanyar dawowa na ga abin da har yau ba na son faɗa. Waɗanda na gani a kwance ba sojoji ba ne, ba su san Nzeogwu ba sai a jarida, kamar mu.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa ba ɗalibai wannan labarin ba. Ban ce na kyauta ba.

Sojan Alli: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban taɓa jin wannan daga bakin namu ba.

Abu Sumayya: Allah Ya saka wa mahaifinku da Aljanna, Baba. Amma a faɗa duka: an kashe 'yan Arewa a Gabas su ma a wannan shekarar.

Baba Mai Ritaya: An kashe, ɗana, kuma labarin hakan da aka ji a rediyo yana cikin abin da ya ƙara hura wutar a nan. A faɗa. Sai dai yawan ba ɗaya ba ne, kada mu ruɗi kanmu. Dubbai aka kashe a Arewa, gwamnatin Gabas ta ce dubu 30, wasu suka ce bai kai ba, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya suka koma gida. Laifi tudu ne.

Malam Na-Jos: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Abin da Malama ta faɗa cikinsa ba da shiri ba, akwai waɗanda suka zauna suka tsara shi da gangan, kuma a wurin da wutar ta fi tamu ci: Falasɗinu da Isra'ila.

A farkon shekarun 2000, ana tsakiyar intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa, wani farfesa Bafalasɗine na jami'ar Baitalami, Sami Adwan, da wani farfesa Bayahude, Dan Bar-On, suka tara malaman tarihi na sakandare daga ɓangarorin biyu a ƙarƙashin wata cibiya mai suna PRIME. Sun gane tun da wuri cewa ba za a iya rubuta labari ɗaya da kowa zai sa wa hannu ba. Sai suka raba shafi uku. Gefe ɗaya labarin yadda Isra'ilawa ke ba da shi, ɗaya gefen yadda Falasɗinawa ke ba da shi, tsakiya kuma layuka ne babu komai, ɗalibi ya rubuta nasa. Ɗan littafin farko abu uku ya ɗauka: alƙawarin Balfour na 1917 da Birtaniya ta yi wa Yahudawa na matsuguni a Falasɗinu, yaƙin 1948, da intifadar 1987.

Ku ɗauki 1948. A gefe guda sunansa yaƙin samun 'yanci: mutanen da aka kashe musu miliyan shida a Turai, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da raba ƙasar a 1947, suka karɓa, ƙasashen Larabawa suka kawo musu yaƙi. A ɗaya gefen sunansa Nakba, wato masifa: mutum sama da dubu 700 aka raba da gidajensu, ɗaruruwan ƙauyuka suka zama kufai, aka yi kisan ƙauyen Deir Yasin, kuma har yau ba a bar su sun koma ba. Shekara ɗaya, shafi ɗaya, kuma ba wanda aka ce ya janye kalmarsa.

Abu Sumayya: Yauwa, ka kawo ni inda nake so. Wannan shi ne ainihin abin da nake ƙi. Ka raba shafi daidai wa daida tsakanin wanda ya ƙwace gida da wanda aka ƙwace wa, ka ce wa yaro ga labari biyu, zaɓi. Tun daga faɗin layin ka riga ka yi ƙarya, don ka nuna masa kamar ƙarfinsu ɗaya, haƙƙinsu ɗaya. Yaron da ke Gaza, wanda aka rushe makarantarsa a kansa, shi za ka ce ya zauna ya fahimci damuwar matuƙin jirgin? Wanda ke da tankoki ba ya buƙatar a ba shi rabin shafi, duniya duk shafinsa ce.

Maman Ihsan: Gaskiya a nan ina bayan Abu Sumayya.

Malam Na-Jos: Maganarka tana da nauyi, ɗan'uwa, kuma Falasɗinawa da yawa sun faɗe ta tun a lokacin. Su kansu malaman Falasɗinawa da ke aikin sai sun bi shingayen sojoji kafin su iso wurin taron, abokan aikinsu kuwa a mota suke zuwa kai tsaye. Ba wanda ya ce ƙarfi ɗaya ne.

Amma ka lura da wanda ya ji tsoron littafin. A 2010 wata sakandare a kudancin Isra'ila, kusa da iyakar Gaza, ta fara koyar da shi, ma'aikatar iliminsu ta hana. Ma'aikatar ilimin Falasɗinu ita ma ba ta yarda ya shiga makarantunta ba. Kafin nan, a 2007 ministar ilimin Isra'ila Yuli Tamir ta bari kalmar Nakba ta shiga wani littafi na yaran Larabawan Isra'ila, da Gideon Sa'ar ya karɓi ma'aikatar a 2009 ya sa aka cire. A 2011 majalisarsu ta yi doka da ta ba gwamnati damar rage kuɗin duk cibiyar da ta mai da ranar kafa ƙasar ranar makoki. In da rabin shafin nan mai ƙarfi yake yi wa aiki, me ya sa mai ƙarfin yake gudunsa haka? Domin ga yaron Tel Aviv, rabin shafin shi ne karon farko da zai ga cewa garin da yake zuwa yawon shaƙatawa yana da wani suna kafin 1948.

Kuma ka juyo da ma'auninka gida. A ajin Malama wa ke da tankoki? Mu muka ci yaƙin. Yaron shi kaɗai ne ko su uku a cikin arba'in.

Abu Sumayya: Kada ka haɗa mu da Isra'ila, Malam. Mu ba mu ƙwace ƙasar kowa ba, ƙasa muka hana a raba.

Malam Na-Jos: Ban haɗa ba, kuma ba zan haɗa ba. Cewa na yi a kowane aji akwai wanda labarinsa ke allo da wanda nasa ke cikin ciki.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi a hankali. Na goge saƙo biyu na wani da ya shigo da zagin ƙabila. Wanda ya sake zan fitar da shi, ko waye.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Kuna ta tafiya Gabas ta Tsakiya, ga misali a ƙofar gidanku.

Ni a lakwal na yi karatu a nan Maraɗi, daga baya na je Sakkwato na ƙaro. Ranar da aka zo jihadin Shehu Usmanu na 1804 a aji a can, sai na ji ana cewa sarakunan Haɓe azzalumai, aka kore su, shi ke nan, aka wuce. Na ce a raina, to ai mu ne waɗanda aka kora ɗin. Da aka ci Katsina, gidan sarautar ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa suka kafa Tsibiri. Na Zazzau suka yi kudu, su ne Suleja a yau. Kakata in tana ba da labarin Ɗan Baskore sarkin Maraɗi, jarumi take nufi wanda ya hana a haɗiye mu. A can kuwa sunansa mai kai hari.

Ban bar ganin girman Shehu ba don na san labarin kakata, kuma ban bar son kakata ba don na karanta littattafan Shehu. Kai ɗaya ya ɗauki duka biyun, bai fashe ba.

Sojan Alli: Kai, Ɗan Maraɗi, ashe abokan gaba ne a zauren nan ba mu sani ba. A kawo kuɗin fansa.

Ɗan Maraɗi: Sai kun biya harajin shekara ɗari biyu tukuna.

Baba Mai Ritaya: Ɗan Maraɗi ya tuna min abin da ya kamata in fara da shi. Abu Sumayya, kai mai son hujja daga magabata ne, to ga ta. Da mutanen jihadi suka kai yaƙi Barno har suka shiga Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto wa Sakkwato wasiƙu masu zafi. Ya ce da wace hujja kuke yaƙar mu kuna kama 'ya'yanmu, alhali muna salla muna azumi? In don bidi'a da saɓo ne, ai akwai su a Masar da Sham, ba wanda ya ce ƙasashen kafirai ne. Me Muhammadu Bello ya yi da wasiƙun? Bai ƙona su ba. Ya kwafe su ya sa a cikin Infaƙul Maisuri, ya bi su da amsa. A 1812 ya gama littafin, lokacin rigimar ba ta mutu ba. Yau duk almajirin da ya karanta littafin Bello sai ya karanta hujjar abokin gabar Bello, daga alƙalamin Bello.

Kuma mu da muke karanta Alƙur'ani kullum, maganar Fir'auna tana ciki, ta Iblis tana ciki, ta mushirikan Makka tana ciki, yadda suka faɗe ta. Sannan aya ta 8 a Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci.

Abu Sumayya: Na karɓi wannan, Baba. Amma ka ce ya bi su da amsa. Bello bai bar tsakiyar shafi babu komai ba. Alƙur'ani ma bai kawo maganar Fir'auna ya yi shiru ba. Inda muka rabu da littafin Malam Na-Jos ke nan.

Malam Na-Jos: Wannan gaskiya ne, kuma ban da amsa mai gamsarwa. Abin da zan ce kawai, akwai abin da malami zai yanke, akwai wanda ba nasa ba ne. An kashe fararen hula ɗaruruwa a Asaba a Oktoban 1967 bayan sojojin tarayya sun shiga garin: wannan ba ra'ayi ba ne, ba a barin sa a tsakiyar shafi. An kashe Sardauna da Ɓalewa ba tare da shari'a ba: shi ma haka. Yunwa ta kashe yara ba adadi a yankin Biyafara: haka. Amma ko juyin mulkin Janairu shirin ƙabila ne ko na wasu matasan hafsoshi, ko Gowon ne ya saɓa yarjejeniyar sulhun da suka yi a Aburi ta Ghana kafin yaƙin ko Ojukwu ne ya fassara ta yadda yake so, manyan masana ma ba su gama ba. A nan ne yaro ya kamata ya ji yadda kowa ke faɗa.

Maman Ihsan: Ku yi haƙuri malamai, ni ba malama ba ce, uwa ce, daga Yobe nake. Duk misalanku na yaƙin da aka gama ne ko na nesa. Mu namu tun 2009 ake yi. An shiga makaranta a Buni Yadi a 2014 an kashe yara suna barci. 'Ya'yana sun yi shekara biyu ba su taka aji ba. To in an buɗe wannan ƙofar, gobe wani malami zai tsaya ya ce bari mu ji ra'ayin Boko Haram? Ina iyakar abin?

Malamar Tarihi: Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Yaya. Tambayarki ta fi tawa wuya.

Malam Na-Jos: Amin. Hajiya, a ganina akwai bambanci tsakanin al'umma da ƙungiya. Ibo al'umma ce, da tsofaffi da jarirai, za mu zauna da su har tashin duniya. Yaron ajin Malama bai ɗauki makami ba, labarin kakansa ya kawo. Waɗancan kuwa aƙida ce da suka zaɓa, ba a ba ta rabin shafi.

Sai dai ko su, malamanmu ba su yi shiru a kan hujjojinsu ba. Marigayi Malam Ja'afar da marigayi Albanin Zariya sun ɗauko maganganun Muhammad Yusuf ɗaya bayan ɗaya sun warware a bainar jama'a. Malam Isa Pantami ya zauna da shi gaba da gaba sun yi muƙabala, faifan yana nan. Matasa da yawa abin da ya tsare su ke nan, don sun riga sun ji shubuhar tare da amsarta kafin mai ɗaukar mutane ya same su a lungu.

Maman Ihsan: Waɗannan manyan malamai ka lissafa, kuma biyu daga ciki kashe su aka yi. Ni ina maganar malamin da ke da yara casa'in a aji, albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, shi kansa bai karanta abin ba. Ka ba shi wannan aikin, zai tayar da abin da ba zai iya kwantarwa ba, ƙararrawa ta kaɗa ya fita ya bar yara da shi.

Sojan Alli: Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni ina cikin waɗanda suka yi firamare da ƙaramar sakandare lokacin da aka cire tarihi daga manhaja, wajen 2009. Sai a zamanin Buhari aka dawo da shi. Yanzu mu da ba a koya wa ba mu ne ake cewa mu koyar. Ni Aburi ma a Facebook na fara jin sunanta, wurin masu zage-zage. Maganar fam ashirin da aka ba mutanen Gabas bayan yaƙi komai yawan kuɗinsu a banki, wani abokina mai sayar da kayan mota ne ya gaya min, na ce ƙarya yake, na je na duba na dawo na ba shi haƙuri.

Baba Mai Ritaya: To ka gani. Cirewar ba ta sa an manta ba, ta dai mai da darasin hannun 'yan tasha. Ruwanda ma bayan 1994 sun dakatar da koyar da tarihin ƙasarsu fiye da shekara goma, su aƙalla sun san abin da suke tsoro. Faransa da Jamus sai 2006 suka fitar da littafin tarihi na haɗin gwiwa, shekara sittin da ɗaya bayan yaƙi. Mu yanzu hamsin da ɗoriya. In jira ake sai ciwo ya warke, ni dai ba zan gani ba.

Abu Sumayya: Ni har yanzu ina nan kan cewa a fara da namu, yaro ya san Maimalari da Largema kafin a kai shi Asaba. In ya tsaya da ƙafarsa, to. Kuma Malama, uban da ya zo ƙara kada ki ɗauke shi jahili. Wataƙila shi ma akwai wanda aka kashe masa.

Malamar Tarihi: Na dawo, ku gafarce ni, kwana biyu ina fama da makin jarrabawar gwaji.

Malam Abu Sumayya, ka yi gaskiya. Na nemi uban muka zauna a ofishin shugaba. Ashe mahaifinsa soja ne, ya tafi yaƙin yana da wata bakwai a duniya, bai dawo ba, ko kabarinsa ba su sani ba. Ya ce abin da ya ƙona masa rai, 'yarsa ta zo gida tana ba da labarin kakan wani, ba ta san na nata kakan ba. Na ce to ai gidanku ne ba ku gaya mata ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma ba a gaya masa da yawa ba. Bai ce ya yarda da abin da na yi ba, kuma ban nema ba.

Jiya na gwada abin Malam Na-Jos, amma da gyaran Abu Sumayya. Na raba allo uku. A sama na rubuta abubuwan da ba gardama a kansu, da ranakunsu, har da wata goman da na tsallake. A ƙasa dama da hagu na sa yadda ake ba da labarin a Arewa da yadda ake ba da shi a Gabas. Na ce kowa ya kwafe duka biyun da hannunsa. Yarinyar da ta ce "ku kuka fara" ta ƙi kwafar na hagu, ta ce hannunta ba zai rubuta ba. Ban tilasta ta ba. Shi ma yaron da ya zo kan sunayen hafsoshin Arewa da aka kashe a Janairu ya tambaye ni ko da gaske ne har su huɗu, ya ce shi Sardauna da Ɓalewa kawai ya sani. Tsakiyar kuwa yawancinsu ba su rubuta komai ba.

Shugaba ya ce in rufe babin haka, saura mako uku jarrabawa. Amma ina da darasi ɗaya ranar Litinin. Baba, ka yarda in karanta musu labarinka na telan? Ba zan faɗi sunanka ba.

Baba Mai Ritaya: Ki karanta, 'yata. Amma ki karanta duka biyun, kada ki cire maganar hoton kasuwa don ki faranta wa wani, kada ki cire ta tasha don ki faranta wa wani. In yaron ya tambaya ko telan ya isa gida, ki ce masa ban sani ba. Mun sa su a jirgi, ba mu sake jin labarinsu ba.